Yadda na yi fama da irin Carex kafin ya tsiro, daga neman izinin ɗiba har zuwa dashe

Na sauka a jihar Ayowa ta Amurka a watan Janairu domin karatun digiri na biyu a kimiyyar tsirrai, kuma aikin da aka ɗora mini shi ne in gano hanyar da irin wasu ciyayi huɗu na jinsin Carex zai tsiro da yawa, yadda za a samu dashen da za a mayar a filayen da ake ƙoƙarin farfaɗowa. Sai da na yi wata goma sha shida kafin in ga ƙarshen aikin, kuma wata uku daga ciki sun salwanta ne a kan kurakuran da ba zan yi ba da a ce wani ya zaunar da ni tun farko ya yi mini bayani. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da ya faru daki-daki, saboda ɗalibin da zai zo bayana, ko duk wanda aka miƙa wa irin da ya ƙi fitowa, ya san ta inda zai fara.

Filayen da ake magana a kansu su ne waɗanda Amurkawa ke kira fireri, wato shimfiɗaɗɗen dajin doguwar ciyawa wanda itatuwa ba su da yawa a cikinsa. Shi ne ya rufe mafi yawan Ayowa kafin manoma Turawa su iso a ƙarni na 19 da garmar ƙarfe irin wadda John Deere ya ƙera a 1837, kuma a yau abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, mafi yawan sauran ya koma gonakin masara da waken suya. Masu aikin mayar da fireri sun daɗe da iya shuka manyan ciyayi da furanni, amma Carex yakan yi ƙaranci a filayen da aka gyara, alhali shi ne kan riga wasu yin kore da zarar sanyi ya fara sauka, kuma shi ke riƙe ƙasa a wurare masu dausayi. Jinsin yana da nau'i kusan 2,000 a duniya. Ranar farko da Farfesar da ke duba aikina ta miƙo mini busasshen karansa ta ce in murza tsakanin yatsuna, na ji kusurwa uku, nan take na tuna da aya da jiji na gonakin gida, domin dukansu dangi ɗaya ne a wurin masana tsirrai. Wannan sanayya ta kwantar mini da hankali, amma ita ce kuma ta sa na ɗauki aikin da sauƙin da ba shi da shi.

Matakin farko bai shafi iri ba, takardu ne. Ragowar fireri na asali da za mu ɗebi iri a cikinsa yana hannun hukumar kula da filaye ta wata gunduma, kuma ba a cire ko da kai ɗaya na ciyawa sai da izini a rubuce. A farkon Maris na cike fom ɗin, inda aka nemi sunayen tsirran da harshen Latin, da taswirar wurin, da ranakun da zan shiga, da yawan abin da zan ɗiba, da wasiƙar Farfesa mai tabbatar da cewa bincike ne ba kasuwanci ba. Ban biya ko sisi ba, amma bayan mako biyu aka dawo mini da fom ɗin saboda na rubuta Carex kawai ban fayyace nau'in ba. Na gyara na rubuta Carex brevior, Carex bicknellii, Carex vulpinoidea da Carex meadii, na sake jiran mako uku, takardar ta fito a tsakiyar Afrilu da sharaɗi biyu: kada in ɗebi fiye da kashi 20 cikin ɗari na irin da ya nuna a ranar, kuma in rarraba ɗibar a kan tsirrai aƙalla 50 na kowane nau'i domin kada irin ya zama na uwa ɗaya. A wannan tsakanin ne kuma na yi horon kiyaye haɗari na ɗakin gwaje-gwaje ta intanet, wanda sai da shaidar kammala shi ake ba mutum katin buɗe ƙofa. Wannan ya ci mini yini biyu, kuma gara a gama shi tun kafin a buƙace shi.

Ɗibar iri ta fara a tsakiyar Yuni. Abin da ban sani ba shi ne lokacin nunar Carex gajere ne ƙwarai, domin da zarar kan ya juye daga kore zuwa ruwan ƙasa, iska ɗaya mai ƙarfi ta isa ta kakkaɓe shi. Na je wurin Carex meadii ranar Litinin na tarar da shi ɗanye, na koma bayan kwana tara na tarar rabinsa ya zube, sai da na durƙusa ina bin kawunan ɗaya bayan ɗaya kafin in haɗa abin da bai cika tafin hannu ba. Sauran ukun sun fi sauƙi. Carex vulpinoidea yana tsaye cunkus a gefen wani kwari mai ruwa, kansa kamar jelar yanyawa, kuma idan ya nuna, ana zuge shi da yatsu sai ya zubo cikin jaka da ɗan sauti kamar na tsabar gero. Wannan ita ce alamar da na koya: idan sai an ja da ƙarfi, bai yi ba. Na zuba kowane nau'i a jakar takarda dabam, na rubuta suna da rana da wuri, domin leda tana tara gumi ta ruɓar da iri cikin yini guda a zafin mota. Duk wanda zai shiga irin wannan fili ya sa dogon wando ya cusa ƙafarsa cikin safa, kuma ya duba jikinsa da yamma, saboda akwai kaska, na kuwa cire guda biyu a rana ta farko.

Daga kowane nau'i na tumɓuke tsiro guda da saiwarsa, kamar yadda izinin ya amince, na danne shi a tsakanin takardu na kai ɗakin adana busassun tsirrai na jami'a domin a tabbatar da sunansa. Na ɗauka ɓata lokaci ne, sai ga shi mai kula da ɗakin ya sa wata jaka tawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya nuna mini cewa na gauraya Carex brevior da Carex bicknellii. Kowace ƙwayar Carex tana cikin wata 'yar jaka mai kama da takarda, kuma da siffar wannan jakar ake rarrabe su: ta bicknellii ta fi faɗi kuma ta fi sirantaka har ana hango ƙwayar ta ciki. Na zubar da jakar irin da na gauraya gaba ɗaya maimakon in yi ta tsince. Sauran na shanya su mako biyu a inuwa a kan jarida, na murza su a rariya, na sheƙe ƙaiƙayin a gaban ƙaramar fanka, aikin da hannuna ya riga ya saba da shi tun daga gida.

A tsakiyar Agusta, Farfesa tana can wani aikin fili a wata jiha, sai na yanke shawarar fara shuka ba tare da na jira ta ba. Na cika faranti goma sha biyu da ƙasa a gidan gilashi na rainon tsirrai, na zuba irin, na rufe shi da ƙasa kamar kaurin ɗan yatsa yadda ake yi wa gero, na riƙa ba shi ruwa safe da yamma a ɗakin da zafinsa ba ya motsawa daga digiri 22 a ma'aunin Salshiyos. Mako ɗaya ya wuce, biyu, huɗu, shida. Abin da ya fito bai wuce tsiro goma sha ba, kusan dukansu a bakin faranti inda ruwa ya wanke ƙasar ya bar ƙwayar a fili, kuma a lokacin ban fahimci abin da hakan ke nuna mini ba. Hankalina ya tashi matuƙa, domin irin shekara guda ne a hannuna, kuma idan ya ƙare sai wani Yunin. Na tuna yadda masu rainon itatuwa a gida ke jiƙa irin bagaruwa da gawo a ruwan zafi kafin su shuka, sai na ɗebi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sauran irin na yi masa haka. Ko ɗaya bai fito ba. A daren da na tabbatar da hakan na kira mahaifina, na ce, "Baba, ina jin irin nan matacce na ɗebo." Ya tambaye ni ko na fasa ƙwayar na duba cikinta, na ce a'a. Ya ce, "To, ba ka da hujjar cewa ya mutu. Ciyawar gona ma ai tana kwance cikin ƙasa duk rani, ba ta tashi sai lokacinta ya yi. Ka tambayi mutanen wurin me irinsu yake jira."

Da Farfesa ta dawo a farkon Oktoba na faɗa mata komai, har da maganar ruwan zafi, duk da nauyin da na ji. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kafin a sake taɓa ko ƙwaya ɗaya sai an san nawa ne ke da rai, ta sa na ƙirga ƙwaya 200 daga kowane nau'i na aika ɗakin gwajin iri tare da fom mai ɗauke da sunan tsiro, ranar ɗiba, yadda aka adana shi, da lambar asusun binciken da za a cire kuɗin. Gwajin da muka nema shi ne na tetirazoliyam, kuma an caje mu dala 35 a kan kowane samfuri, wato dala 140 gaba ɗaya. Ana jiƙa ƙwayar ta kwana, a yanka ta da reza, a tsoma ta cikin wani ruwan magani marar launi, kuma duk ƙwayar da ɗan tayin cikinta ke numfashi sai ya rine ya zama ja, mataccen kuwa ya zauna fari. Sakamakon ya ɗauki mako uku. Ma'aikaciyar ɗakin ta bar ni na leƙa madubin, na ga ɗan tayin a gindin ƙwayar, bai kai kan allura ba, ja wur. A nau'i ukun, fiye da ƙwaya takwas cikin goma suna da rai. A Carex meadii kusan rabi ne, sauran da yawa fanko ne, jaka ce kawai babu komai ciki. Samfurin da na jiƙa a ruwan zafi, wanda na roƙa a gwada mini shi ma, fari fat ya fito.

A nan ne aka yi mini bayanin da ya kamata in nema tun farko. Barcin iri kala-kala ne. Na bagaruwa da gawo barcin ɓawo ne: fatar ƙwayar ce ke da tauri ta hana ruwa shiga, shi ya sa ruwan zafi ko kankare ɓawon ko bi ta cikin dabba ke buɗe ta. Na Carex kuwa a cikin ɗan tayin yake. Ruwa yana shiga ƙwayar lafiya lau, amma sinadaran cikinta suna riƙe ta har sai ta ga alamun cewa hunturu ya wuce. Hikimar a fili take, domin irin da ya zube a Yuli, idan ya tsiro a kaka yana ƙarami, sanyin Ayowa da kan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili zai iya hallaka shi. Alamun da yake jira uku ne: dogon sanyi tare da danshi, haske, da bambancin zafi tsakanin rana da dare. Ƙwayar ƙarama ce, guzurinta kaɗan ne, don haka haske da canjin zafi su ne ke shaida mata cewa tana kusa da saman ƙasa kuma babu inuwar manyan ciyayi a kanta. Farfesa ta ba ni ayyukan da Karin Kettenring da Susan Galatowitsch na Jami'ar Minesota suka wallafa a 2007 a kan nau'o'in Carex na dausayin fireri, inda suka nuna cewa sanyi mai danshi yana faɗaɗa iyakar zafin da irin zai iya tsirowa a cikinsa, kuma yawancinsu suna buƙatar haske. Da na karanta sai na gane cewa a shukata ta Agusta na hana irin duka abubuwa ukun a lokaci ɗaya.

A tsakiyar Nuwamba na fara sanyaya irin. Na wanke yashi na gasa shi domin kashe ƙwayoyin cuta, na jiƙa shi daidai yadda idan an dunƙule shi a hannu zai haɗe amma ruwa ba zai ɗiga ba, na cakuɗa shi da irin, na zuba a ƙananan jakunkunan leda masu zif, na sa a firjin da aka saita a digiri 4. Firji ake so, ba wurin ƙanƙara ba, domin ƙwayar da ta daskare tsayawa take yi cak, kuma kwanakin da ta yi a daskare ba su shiga lissafi. Haka ma busasshen iri a firji adanawa ce kawai, barcinsa ba ya karyewa sai da danshi. Nufina kwana 60 ne. A mako na uku na buɗe jakunkunan na tarar da fumfuna fara kamar auduga a biyu daga cikinsu, saboda ruwan da na sa ya yi yawa. Na tace irin, na ɗauraye shi na 'yan mintoci a ruwan bilic da aka tsarma sosai, na wanke shi sau uku da ruwa mai tsabta, na mayar da shi cikin sabon yashi. Daga ranar na riƙa duba su kowace Litinin, ina buɗe bakin jakar iska ta shiga.

Sai wani jiran da ban yi tsammani ba. Gwajin tsiro yana buƙatar akwatin raino mai saita zafi da haske, sashenmu kuma yana da guda uku ne kacal, ana rubuta suna a layi. Na je neman wuri a farkon Janairu, aka ce babu sai tsakiyar Fabrairu, ga kuma kuɗin haya na wata-wata da sai Farfesa ta sa hannu. Haka irin ya zauna a firji kusan kwana 90 maimakon 60. Bai cutar da shi ba, amma wasu ƙwayoyin Carex vulpinoidea sun fara tsagewa tun suna cikin jaka, kuma da jiran ya ƙara tsawo da na yi asararsu. Da na samu akwatin, na shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takardar tacewa a ƙananan kwanukan gwaji, na jera ƙwaya 50 a kowanne da hantsaki, kwano huɗu ga kowane nau'i a haske, wasu huɗu kuma na naɗe su da takardar alminiyam domin su zauna a duhu. Na saita digiri 27 da rana, 15 da dare. A kwana na shida da safe na ɗaga murfin wani kwano na Carex brevior na ga ɗan farin tsinke ya leƙo daga gindin ƙwaya, sai na biyu, sai na bakwai. Na daɗe a tsaye a gaban akwatin ina hamdala. Bayan mako huɗu, a kwanukan haske, vulpinoidea ya ba ni kusan tara cikin goma, brevior takwas, bicknellii bakwai. Waɗanda ke duhu kaɗan ne suka motsa, kuma da na cire musu alminiyam ɗin suka biyo baya cikin kwana goma. Carex meadii kuwa bai kai ɗaya cikin goma ba, duk da gwaji ya nuna rabinsa na da rai. Tsiro ne da ya fi yaɗuwa ta saiwar da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, kuma a ganina wanda ke son sa da yawa gara ya haɗa da raba saiwa maimakon ya dogara da iri kaɗai.

Idan aka tambaye ni abin da zan canza, na farko shi ne in aika samfuri gwajin rai tun a Yuli, da zarar na gama sheƙa, domin dala 140 ba ta kai darajar wata ukun da na rasa ba, kuma ba tare da wannan adadin ba mutum ba zai taɓa sanin ko irinsa matacce ne ko barci yake ba. Na biyu, kada a gwada wata dabara a kan iri mai yawa. Ƙwaya 25 sun isa su nuna mini illar ruwan zafi. Na uku, a yi lissafi daga baya zuwa gaba: idan ana son dashe a Mayu, a nemi akwatin raino tun Oktoba, a sa iri a firji a Disamba, a nemi izinin ɗiba tun Fabrairun shekarar da ta gabata. Kada kuma a ɗauka duk Carex ɗaya ne, domin wasu na dausayi, irin su Carex stricta, ba su jure dogon ajiya a bushe, gara a shuka su ko a sa su cikin danshi da wuri. Wanda ba shi da firji ko akwatin raino yana iya yin abin da masu gyaran fireri ke yi, wato ya watsa irin a saman ƙasa a ƙarshen Nuwamba, ya danne shi ba tare da ya binne ba, ya bar dusar ƙanƙara da narkewarta su yi aikin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kunyar tambaya ce ta jawo mini asarar Agusta, domin saƙo ɗaya zuwa ga Farfesa da ya isa.

A Maris na kwashe tsirran da hantsaki ɗaya-ɗaya zuwa faranti masu ramuka, na bar su a gidan gilashi mako takwas, sannan na fitar da su waje na mako guda domin su saba da iska da rana. Na miƙa wa hukumar gundumar rahoton da izinin ya wajabta, mai nuna yawan irin da na ɗiba da abin da aka yi da shi. A mako na uku na Mayu, ni da ɗalibai biyu da wasu 'yan sa-kai muka dasa tsiro 640 a wata tsohuwar gonar masara da ake mayarwa fireri, vulpinoidea a gangaren da ruwa ke kwanciya, brevior da bicknellii a kan tudu. Carex meadii goma sha ɗaya da na samu na dasa su wuri guda, na kafa wa kowanne tuta. Kwanukansa da ba su tsiro ba na mayar da su firji domin zagaye na biyu na sanyi, kuma zan fitar da su a Satumba.